Maganar da Na Sa a Bakin Kawuna

Da za a ba ni dama in goge abu ɗaya daga rayuwata, ba shekarun da na yi ina shan taba zan goge ba, ba kuma jarrabawar da na faɗi har sau biyu ba. Layi biyu zan goge. Na rubuta su da jan biro a wani ofis mai fanka, ina saurayi, kuma a ranar har yaba mini aka yi. Ƙarya ce na ɗauka na sa a bakin kawuna. Da ya roƙe ni in zo gaban mutane in cire masa ita, sai na hau mota na gudu.

Lokacin ba a yi Jigawa ba tukuna. Kuɗin fetur ya shigo, kowa ya zama mai gaggawa. Ni ɗan Birnin Kudu ne, ina kwalejin horar da malamai, ina tsakiyar aji wajen ƙoƙari amma ina sahun gaba wajen faɗin ƙafar wando. Idan dogon hutu ya zo, 'yan ajinmu kan koma gida su kama fartanya, tunda damina ce. Ni kuwa wani abokin yayana ya samo mini aikin hutu a wani kamfanin jarida a birni. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Ya daɗe da rufewa, kuma laifin da zan faɗa nawa ne, ba nasa ba.

Na tafi da tunanin zan zama ɗan jarida, in riƙa yawo da ɗan littafi ina tsare manya da tambaya. Sai aka kai ni wani ɗaki a bayan bene, an rubuta a ƙofarsa: Sashen Hulɗa da Jama'a. Mu uku ne a ciki, kuma ba mu hulɗa da kowa. Akwai shugaban sashen, wanda muke ce wa Yallaɓai, mutum mai tumbi da turare. Akwai wata baiwar Allah mai buga tafireta, wadda ta girme ni nesa, nake ce mata Yaya. Sai ni.

Yallaɓai ya yi mini bayanin aikin a tsaye.

"Waɗancan na ƙasa," ya nuna ɗakin 'yan jarida da haɓa, "suna rubuta abin da ya faru. Wahalalle ke nan. Mu a nan muna rubuta yadda kamfani yake da kirki. Ka gane?"

Na ce na gane.

Aikina na farko sanarwa ce a kan sabon injin buga jarida da aka sayo. Yallaɓai ya ce in sa maganar Manaja a sakin layi na biyu. Na ɗauki littafina na miƙe.

"Ina zuwa?"

"Wajen Manaja, Yallaɓai, in ji abin da zai ce."

Yaya ta daina buga tafireta. Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi Yallaɓai, sai ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Wayyo ni! Yallaɓai, a ina ka samo mana wannan waliyyi?"

"Zauna, malam," in ji Yallaɓai. "Manaja yana da aiki. Ba shi da lokacin yin magana. Mu muke yi masa. Ka rubuta cewa yana matuƙar farin ciki."

"In kuma ba ya farin cikin fa?"

"Idan ya karanta zai yi."

Na rubuta. Washegari ta fito a jarida, Manaja yana matuƙar farin ciki, kuma sama ba ta faɗo ba. Cikin sati uku na ƙware. Na sa Manaja ya yi alfahari, na sa ya jinjina, na sa ya yi kira ga jama'a, duk ban taɓa jin muryarsa ba sai tarinsa a matakala. Na fara jin kaina wani abu. Mutumin da ke sa manya magana ai ba ƙaramin mutum ba ne.

Kowace shekara kamfanin kan buga kalanda ya raba kyauta. Ta shekara mai zuwa an shirya ta nuna cewa jaridarmu ta shiga ko'ina: hoton direba yana karantawa, hoton nas, hoton ɗan kasuwa. Saura manomi, wanda za a sa a watan Agusta saboda koren gero.

"Kai ba daga ƙauye kake ba?" in ji Yallaɓai.

Na ce Birnin Kudu ba ƙauye ba ce, sunanta ma ya faɗa.

"Duk abin da ya wuce Wudil ƙauye ne. Ka samo mana manomi mai kyan fuska. Za a ba ka mota da mai hoto."

Mota! Ni da na bar gida a bayan motar haya tare da awaki, zan koma a gaban jif ɗin kamfani, gwiwar hannu a taga. Ko da cewa aka yi in kawo hoton aljani da na ce to.

A Birnin Kudu na sa direba ya zaga ta ƙofar gidanmu sau biyu, don kada wani ya ce bai gani ba. Amma manomi ya gagara. Duk wanda muka tsayar a bakin gona, da ya ga akwatin hoto sai ya ce ba gonarsa ba ce, ƙwadago yake yi. Sun ɗauka wani sabon salon haraji ne. A Maruta wani tsoho ya jefar da fartanya ya shige cikin dawa, sai motsin ganye muka gani. Mai hoton ya fara tsaki yana duba agogo. Nan na tuna da Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, yana Fagam, can ƙasar Gwaram. Manomi ne kamar kowa, amma abin da aka san shi da shi karatu ne. Magidanta masu gemu ke zama a zaurensa bayan azahar da littattafansu. Shi ke yin tafsiri a masallacin garin duk azumi, tun kafin a haife ni. Bai yi boko ba, ko baƙinsa ɗaya bai sani ba. Yana da wata tambaya da duk ƙasar ta san shi da ita. Ko me ka kawo masa, hukunci ne ko labarin kasuwa, sai ya ɗaga kai ya ce, "In ji wa?" Idan ka ce in ji wane, ya ce, "Shi kuma daga wa ya ji?" Muna yara mukan kwaikwaye shi a bayan gida. A wajensa maganar da ba ta da mai ita kamar nama ne da ba a san wanda ya yanka ba.

Mun same shi a zaure, da rawani, ga littattafai tuli a gefensa. Mai hoton ya ja ni waje.

"Wannan ba zai yi ba. Manomi aka ce, ba alƙali ba. Amma gemun yana da kyau. Ba shi da tsummoki?"

Yana da su, kamar kowane mai noma. Muka kwana, da safe muka bi shi gona. Yana sanye da tsohuwar taguwa wadda kafaɗarta ta yage, da malfa. Na miƙa masa jaridar na ce hoto kawai za a yi, don mutanen ofishinmu su ga kawuna.

Bai karɓa ba nan da nan.

"Ɗan nan, me ke cikinta? Ba na riƙe takardar da ban san abin da ta ƙunsa ba."

Na karanta masa shafin gaba. Maganar siminti ce da jiragen ruwa, da sanarwar wata sabuwar hanya. Ya saurara har ƙarshe kamar wanda ake biya wa darasi.

"To, babu sharri a nan," ya ce. Ya jingine fartanya, ya karɓa, ya riƙe ta da hannu biyu cikin ladabi yadda yake riƙe littafi. Mai hoto ya ce ya yi murmushi. Kawu ya ce shi ba ya murmushi ba dalili. Sai direbanmu ya zame a kunya ya zauna daɓas cikin taɓo, Kawu ya yi dariya, aka ɗauka. Hoto ya yi kyau ƙwarai, Allah ya sani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga baya shi ne, ranar bai ce mini "in ji wa" ba. Ɗan ƙanwarsa ne ya faɗa, shi ke nan.

Da muka koma aka wanke hoton, Yallaɓai ya ce in rubuta abin da za a sa a ƙarƙashinsa. Na rubuta: Wani manomi a Fagam yana duba jarida. Yallaɓai ya riƙe takardar da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Wannan sanarwar cigiya ce? Sa shi ya yi magana mana! Me na koya maka?"

A nan nake so mai karatu ya lura, domin shekaru da yawa ina ba da labarin kamar Yallaɓai ne ya yi mini shifta. Bai yi ba. Fita ma ya yi cin abinci. Ni kaɗai na zauna, na ciji biro, na rubuta:

"Da ina cikin duhun jahilci. Jaridar nan ce ta buɗe mini ido," in ji wani manomi a Fagam.

Yaya ta karanta kafin ta buga.

"Ba ka ce kawunka malami ne ba?"

"Ai ban sa sunansa ba, Yaya."

"Fuskar fa, ta maƙwabcinsa ce?"

Na ce mutanen Fagam ba sa karanta boko, kuma kalandar birni me zai kai ta can. Ta taɓe baki ta buga. Yallaɓai da ya dawo ya karanta da ƙarfi har sau biyu, ya dafa kafaɗata ya ce an haife ni don wannan aiki. Aka ba ni takardar yabo mai tambari, aka ce in dawo hutu mai zuwa, kuma idan na gama makaranta akwai kujera. Na koma kwaleji ina tafiya kamar ƙasa ta yi mini kaɗan.

Ni gwanin hulɗa da jama'a, abu biyu na manta game da jama'a. Na ɗaya, abin kyauta yana da ƙafa. Dillalin jaridar a Birnin Kudu ya raba kalandar, ta shiga shagon tela, ta shiga ɗakin shan magani, ta hau bangon mai shayi a tashar Gwaram, ta isa Fagam kafin kaza ta sha ruwa. Na biyu, a shekarun nan ne aka cika ƙauyuka da firamare. Kowane gida akwai yaran da suka fara haɗa baƙi, suna neman abin da za su gwada a kai. Ga hoton Malam, ga rubutu a ƙasa. Suka karanta wa iyayensu, da ƙarfi, da waƙa-waƙa yadda ake yi a aji.

Da farko abin dariya ne. Samari suka laƙaba masa Malam Agusta, a bayan idonsa. Babu mai hankalin da ya yarda Kawu jahili ne. Amma akwai wani matashin malami da ya dawo daga neman ilimi, mai murya, mai magoya baya, kuma magoya bayan nan sun daɗe suna hangen buzun tafsiri. Ba sai sun yarda da maganar ba, amfaninta suke so. Suka riƙa cewa, cikin ladabi ƙwarai, su ba su ce komai ba, Malam ne da bakinsa ya ce yana cikin duhu, ga shi nan a rubuce. In kuwa bai faɗa ba, to ya sayar da fuskarsa ga 'yan boko ana yi masa ƙarya yana kallo. Ko wanne ne, a duba. Kuma a shekarar, kamar da gangan, azumi a watan Agusta ya faɗo. Wata guda cur hoton zai yi a bango yana kallon masu zuwa tafsiri.

Ina birni a hutu na biyu, ina sa Manaja farin ciki, saƙon Inna ya iso: Kawu yana nemana, in bar duk abin da nake yi.

Na isa ran Laraba, saura kwana kaɗan a ga wata. Kawu ya sallami ɗalibansa. Ya sa aka kawo mini fura, ya jira na sha. Sannan ya zaro shafin kalandar daga ƙarƙashin buzu, ya shimfiɗa a tsakaninmu, ya ɗora yatsa a kan layin.

"An karanta mini wannan. Mutum uku na sa, daban-daban, don kada in zalunci kowa. Duk abu ɗaya suka faɗa." Ya ɗago kai. "In ji wa?"

Na fara bayani. Na ce haka tsarin aikin yake, ko Manaja ma haka ake yi masa, kowa ya san ba wai mutum ya faɗa ba ne, salo ne kawai.

"Shi manajan naku ya yarda a yi masa haka?"

"Ya yarda, Kawu."

"To shi ya ba da bakinsa aro. Ni na ba ka nawa?"

Na kafa wa ƙwaryar fura ido.

"Ɗan nan, jahilcin bai dame ni ba. Abin da ban sani ba ya fi abin da na sani yawa, da ka tambaye ni ma da na faɗa maka haka ka rubuta. Amma ni aikina ke nan in zauna in ce wa mutane, an ce kaza, wane ne ya ruwaito daga wane. In aka sami magana ɗaya da sunana wadda ba a san gaskiyarta ba, da wane baki zan zauna? Na ce musu ban faɗa ba. Amma mutum ba ya zama shaidar kansa. Kai ne shaidata. Jibi Juma'a, in an sallame, ka miƙe ka ce kai ka rubuta, ban faɗa ba. Shi ke nan abin da nake roƙo. Ba zan bari kowa ya taɓa ka ba."

Na ce, "To, Kawu. In sha Allahu."

Ran Alhamis na wuni ina zagaya gari, ina jin idanu a bayana. Na riƙa hango kaina a tsaye a masallaci, da wandona mai faɗin ƙafa, ina cewa ni maƙaryaci ne, a gaban mutanen da bara suka ga na sauko daga jif. Na hango labarin ya kai birni, kujerar da aka yi mini alkawari ta tashi. Ran Juma'a da hantsi na ce wa matar Kawu zan je Gwaram in dawo kafin salla. A tasha na sami mota mai zuwa Birnin Kudu. Lokacin da liman ya hau mumbari a Fagam, ni ina kan hanyar birni, ina gaya wa kaina cewa akwai hanyar da ta fi wannan wayewa.

Hanyar wayewar ita ce gyara a jarida. Na rubuta da kaina, Yallaɓai ya rage mata kaifi, ta fito a can shafin ciki, ƙarƙashin tallan maganin tari: kamfani yana takaicin duk wata rashin fahimta da ƙila ta taso game da wani hoto. Babu sunan Fagam, babu wanda ya yi laifi, rashin fahimtar ce ta taso da kanta kamar gwaiwa. Na yanke wurin da reza, na sa a ambulan, na aika wa mutumin da ba ya karanta boko. Har na ji sanyi a raina. Na yi hulɗa da jama'a.

An gaya mini yadda Juma'ar ta kasance. Bayan sallama Kawu ya ce jama'a su ɗan dakata, akwai mai magana. Aka dakata. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Aka tura yara gida su duba. Da ya tabbata, sai ya miƙe ya ce shaidarsa bai zo ba, don haka ba zai hau buzun tafsiri ba sai ranar da ya zo. Dattawa suka yi ta ba shi baki, suka ce kowa ya san gaskiya. Ya ce sani daban, shaida daban. Da azumi ya kama, matashin malamin ya hau, Kawu ya zauna a sahu na biyu yana saurare. Haka ya yi a shekarar, haka ya yi a wadda ta biyo, har Allah ya karɓi abinsa bayan 'yan shekaru. Duk azumin nan ina da rai, ina da ƙafa, kuma motar Gwaram ba ta daina tashi ba.

Kujerar birni kuwa, ƙanin matar Yallaɓai aka ba. Na ƙare a malamin firamare a Dingaya, ina koya wa yara su haɗa baƙi su karanta duk abin da suka gani a bango.

Na je gaishe da Kawu sau da yawa bayan nan, kullum ba ran Juma'a ba. Bai taɓa tayar da maganar ba. Yakan sa a kawo mini fura, ya tambayi Inna. Sai dai na lura da abu ɗaya. Kowa ya kawo labari a zauren, ko na farashin gishiri ne, yakan ce masa, "In ji wa?" Ni in na yi magana sai ya ce, "To, madalla," ya juya ga na kusa. Ban taɓa sanin tambaya girmamawa ce ba sai da aka daina yi mini ita.

Bayan rasuwarsa, babban ɗansa ya sami shafin kalandar a cikin gafakarsa, ya ba ni ba tare da ya dube ni ba. A gefen layukana biyu akwai ɗan rubutun ajami da tawada, irin wanda malamai ke yi a gefen littafi. Na juya shi, na matso da shi, na kasa. Ni da na fitar da mutum daga duhun jahilci, sai da na nemi wani ɗalibinsa ya karanta mini. Cewa ya yi: "Ban faɗi wannan ba. Mai shaida yana nan tafe."

Na je. Na je bayan gemuna ya yi fari, wata Juma'a, na miƙe bayan sallama na faɗi duk abin da ya ce in faɗa. Masallacin ma an rushe an sake gini. Mutane suka saurare ni da haƙuri, irin wanda ake yi wa tsofaffi. Da na gama, wani magidanci a kusa da ni ya taɓa hannuna ya ce, "Baba, wane malamin kake nufi?"

Yanzu jikokina suna zuwa irin wannan aikin hutu a gidajen jarida da rediyo, suna dawowa suna gaya mini yadda ake tsara wa shugaba jawabi. Ba na hana su, abinci ne. Roƙona gare su, da duk wanda ya karanta wannan, kada ku sa wa mutum magana a baki bai ba ku aron bakin ba, ko da kun ga ta yi daɗi, ko da an dafa muku kafaɗa. In kuma shaiɗan ya riga ya ci nasara kun yi, aka ce ku zo ran Juma'a, to ku je wannan Juma'ar.